Shekarar da Gara Ta Cinye Karatun Aji Ɗaya

Jiya na ji ɗayanku yana cewa shi dai in an tura shi koyarwa, Allah ya sa a ba shi aji ɗaya, ya samu ya huta. Ban tanka ba, don akwai goro a bakina a lokacin. Yau babu, sai ku gyara zama.

Aji ɗaya hutu ne, ba shakka. Yara ne kawai a zube a gabanka, ba wanda ya san dalilin da ya sa aka kawo shi. Wannan na kuka, wancan fitsari ya matse shi, na kusa da ƙofa ya riƙe littafi ƙafa a sama. Abin da ake nema a wurinka kuma bai taka kara ya karya ba: kafin shekara ta zagayo, kowannensu ya dubi ɗan baƙin zane a kan farar takarda, ya ji magana tana fitowa daga ciki. Iyakar aikin ke nan. Na yi shi har gemuna ya yi fari.

Na fara ne a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, a wata elementare da ke gindin Goron Dutse. Ni ɗan Kabara ne, kullum da ƙafa nake ratso gari in zo. Makarantar ginin ƙasa ce, rufin azara, yara a kan tabarmi. Shugabanmu shi ne Malam Tanko, mutumin Gwammaja, dattijo siriri mai ƙaramar murya, wanda sai ka yi shiru kake jin abin da yake faɗa. Daga baya na gane da gangan yake yi. Ranar da na iso da takardar shaidata a aljihu, na ɗauka aji huɗu zai ba ni, tunda na iya lissafi, ga ɗan Turanci ina taɓawa. Ya karanta takardar, ya ninke ta, ya miƙo mini.

"Madalla, Malam Inuwa," in ji shi. "Ka iya ɗiban yashi?"

Yashi shi ne kayan aikinmu na farko. Mukan ɗebo shi, mu tankaɗe, mu shimfiɗa a ƙarƙashin cediyar da ke bakin aji. Yaro ba ya taɓa allon dutse sai yatsansa ya ƙware a yashi, domin allon na hukuma ne, in ya fashe sai an yi bayani, yashi kuwa ba mai tambayarka. Bayan yashi sai allon dutsen da ɗan fensirinsa, mai ƙara kamar an take wutsiyar ɓera. Babban allo na bango mu muke baƙanta shi da kanmu, da dakakken gawayi da ƙaro. In ƙaron ya yi yawa, allo ya yi santsi, alli ya ƙi kamawa. In ya yi kaɗan, ka koma gida rigarka kamar ta maƙeri. Allin kuwa Malam Tanko ke raba shi daga aljihun gaban rigarsa, guntu-guntu, kamar mai raba maganin da ya gada. Alƙalami da tawada sai aji biyu, kuma ranar da aka fara raba su, uwaye mata ba sa gaishe ka a hanya, saboda wanki.

Aiki na farko da na yi a ƙarƙashin cediyar nan shi ne juya hannu. Ku ba ku san wannan ba. Duk yaron da aka kawo mana ya riga ya fara karatun allo, kuma yana ci gaba da shi safe da yamma. Hannunsa ya saba tashi daga dama ya nufi hagu, littafi ma ta baya yake buɗe shi. Kai kuma ka zo ka ce a'a, ta nan za a faro. Malam Tanko kan ajiye wa kowane yaro tsakuwa a kusurwar hagu, ya ce daga tsakuwa ake tashi. Ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, in riƙe yatsa in ja, har gwiwoyina su yi kanta. Wani uba ya taɓa zuwa ya tsaya a kanmu yana kallo, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da aka fara da hagu wace albarka zai yi?" Malam Tanko bai ɗago ba ya ce, "Alhaji, daga hagu muke tashi, amma dama muka nufa." Mutumin ya yi ɗan tunani, ya bar mana ɗansa.

In hannu ya juyu, sai wasula: a, e, i, o, u. Sannan baƙi ɗaya, ba biyu ba. Ka rubuta b ƙato a allo, ka ce kowa ya kalli bakinka, ka haɗe leɓe ka saki. Ka jingina masa a, ya zama ba. Ka cire, ka jingina i, ya zama bi. In wannan ya zauna ka kawo k. Ranar da ba da ki suka haɗu, yaro ya ja su a hankali, ba, ki, baki, ya kai hannu ya taɓa nasa bakin, to a ranar ka fara cin albashinka da halali. Dokar Malam Tanko ba ta da yawa. Ka yi su gani, ku yi tare, sannan kowa ya yi shi kaɗai. Abin da ba ka nuna ba, kada ka tambaya. "Yaro ba boka ba ne," in ji shi, "kada ka sa shi duba."

Wata safiya na samu ajina yana rera ba be bi bo bu har ana ji daga kan dutse. Ina tsaye ina nuni da kara, ina jin kaina. Malam Tanko ya shigo, ya karɓi karan, ya ɗora a kan bu, can ƙarshen layi. Aji gaba ɗaya ya ce, "Ba." Ya mayar mini da karana.

"Waƙa ka koya musu," in ji shi, "kuma sun iya. Aji maƙaryaci ne, Malam Inuwa. Kada ka saurari bakinsu, idanunsu za ka kalla. Mai karatu allo yake kallo. Wanda ba ya karatu bakin maƙwabcinsa yake kallo."

Wannan ita ce babbar wahalar koyar da yaran birni, kuma daga baiwarsu ta fito. Yaron da ya saba haddace sura tun bai iya ɗaure wando ba, shafin littafinmu na boko loma ɗaya ne a wurinsa. Ka karanta masa sau biyu, ya ɗauke, ya dawo maka da shi yana jan yatsa a kan layi kamar gaske, har da tsayawa inda ka tsaya ka yi tari. Saboda haka Malam Tanko yana da tarko. Ya kan rubuta jimla a allo, ya ce ba mai buɗe baki, a karanta da ido. Na tuna ɗaya: Akuya ta hau keke ta tafi kasuwa sayen takalmi. Sai ya koma gefe ya harɗe hannu. Wanda ya fara dariya, ya karanta. Waɗanda suka yi dariya bayansa, rakiya suka yi. Su ne aikinka na gobe.

Sai baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Yara na ganinsu ado ne, in sun ga dama su sa. Wani ya rubuta mini cewa babansa ya yanka wa baki rago. Na kai wa Malam Tanko, ya duba ya ce, "Gaskiya ya faɗa, bakin ne zai ci. Amma ce masa ya sa ƙugiyar, don baƙin su ma su samu." Akwai kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya, murya ce ta raba su. Inna ta aike ni in sayo gari. In yaro ya ja shi da muryar gari na mutane, ba na tuwo ba, sai ka tambaye shi a wace jaka zai zubo Kano. Daga nan zai koyi cewa ba a yanke wa kalma hukunci sai an ji ta bakin maƙwabtanta.

Kowace sana'a da masu sayen hajarta. Mu namu ba su zo saye ba, har gida aka kai musu suna turewa. Mai unguwa ke bi gida-gida yana neman yara, kuma ranar da ya fito, sai ka ji duk yaran unguwa sun tafi ƙauye gaishe da kakanninsu. Wanda aka kama aka kawo, ubansa na kallonka kamar kai ka sace shi. Mai ɗinki na son ɗansa a gindin keke, baduku na son nasa ya riƙe masa fata, kuma ba ƙarya suka yi ba, sana'ar da suka sani tana ciyar da gida. Kai me za ka nuna? Yaro ya dawo yana cewa ba be bi, kamar ɗan akuya.

Shi ya sa ba na mance ranar da Alhaji Sambo ya kawo ɗansa da ƙafarsa. Dillalin shanu ne, Bafulatani, tun kakansa suka zauna a birni, kuma maganarsa tana da nauyi a unguwar. Shanu a lokacin sun fara bin jirgin ƙasa zuwa Kudu, kuma duk inda ka juya takarda ce. Ya tsaya a bakin aji, sanda a kafaɗa, yaron a gabansa.

"Malam, ga Ummaru," in ji shi. "Na gaji da kiran wani ya karanta mini takardata, ya san cinikina kafin ni. Ka koya masa ya zama idona."

Bayansa gidaje da dama suka saki 'ya'yansu, har sai da muka ƙaro tabarmi. Ummaru kuwa yaro ne mai kaifin ido, marar surutu. In garke ya wuce sau ɗaya, zai gaya maka wacce ke ɗingishi da wacce ke da ciki.

A shekarar ce Malam Tanko ya samu izini ya tafi aikin hajji ta ƙasa, kuma tafiyar lokacin ba ta mako biyu ba ce. Wanda ya riƙe masa makarantar mutum ne mai son zaman lafiya, duk abin da ya zo daga sama amin yake cewa. Ba a daɗe ba sai ga Malam Bashir a kan sabon keke. Shi ne mai zagayen duba makarantu, bai girme ni da yawa ba, kuma bai jima da dawowa daga wani kwas ba. Kada ku ɗauka mugu ne ko malalaci. Mutum ne mai ladabi, mai son yara, kuma abin da ya kawo ya yarda da shi har zuciyarsa. Ya zauna ya kalli darasina har ƙarshe, sannan ya kira ni gefe.

"Malam Inuwa, in ka hango mahaifiyarka, hanci kake fara dubawa, sannan ido, sannan ka haɗa ka ce Inna ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To haka yaro yake da kalma. Gaba ɗaya yake ganinta, kamar fuska. Wannan ba be bi ɗin wahalar da su kawai kuke yi. An daina shi a ƙasashen da suka ci gaba."

Maganar ta yi daɗi, har yau in na tuna ta sai in ji ta yi daɗi. Sai da kekensa ya sha kwana na tuna cewa uwa ɗaya gare ni, kalmomi kuwa sun fi yashin cediya yawa. Amma ko da na tuna a gabansa, ƙaramin malami ba ya jayayya da mai keke. Ya bar mini akwatin katako cike da kwalaye. Kowane kwali da hoto mai launi, da kalma a ƙarƙashinsa: doki, raƙumi, tulu, kaza, fitila, jirgi. Aikina in ɗaga, in faɗa, su faɗa. Ba rarraba baƙi, ba yashi. Yara za su gano sauran da kansu.

Ban taɓa ganin aiki mai sauƙi da saurin riba irin wannan ba. Kafin wata ya mutu sun shanye akwatin. In ɗaga kwali, kafin ya wuce kafaɗata aji ya faɗa. In rufe hoton da tafin hannu, su faɗa. Malam Bashir ya dawo ya gani, ya koma ya zo da manyansa, har da wani Bature wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaɗa kai. Aka yabe ni a gaban taro. Aka riƙa turo malamai daga ƙauyuka su zo su ga yadda nake yi. Ni ma ina tsaye a gefe ina ganin yadda nake yi. Gwiwoyina suka warke, rigata ta daina baƙi.

Wata rana na rufe hoton wani kwali, na kira Ummaru shi kaɗai. Ya ce fitila. Na ce yaya aka yi ya sani.

"Ai ita ce mai ɗigon manja a gefe, Malam."

"Wannan fa?"

"Doki. Kunnensa ya yage."

Kunnen kwalin yake nufi. Yaron ya san kwalayen nan yadda ubansa ya san shanu, kowanne da tabonsa. Na gaya wa Malam Bashir, ya yi murmushi ya ce farkon abu ke nan, in ƙara haƙuri, za su gano baƙaƙen. Kuma gaskiya wasu 'yan kaɗan sun gano. A kowane aji akwai yaran da ko a rijiya ka jefa su da littafi, da karatu za su fito. Ba don su ake ɗaukar malami ba.

Aka yi dogon hutu, damina ta yi kyau. Akwatin yana jingine da bangon ƙasa. Ranar da aka dawo na buɗe shi a gaban yara, sai jar ƙasa da ɗan guntun wuyan raƙumi. Gara ta yi aikinta tsaf, ita ma ba ta tsaya rarraba baƙi ba. Na aika a ba ni wasu, aka ce sai baɗi. Na samo kwalaye a wurin wani mai kanti, na yanka, na rubuta kalmomin da hannuna mai kyau, na zana hotunan da hannuna marar kyau. Allah bai ba ni zane ba. Na ɗaga kwalin da na rubuta doki ɓaro-ɓaro, aji ya ce kare. Na ɗaga raƙumi, suka ce jimina. Na ɗaga tulu, can wani ya ce albasa. Na rufe hotunan, ba manja, ba yagaggen kunne. Ba wanda ya iya karanta ko ɗaya. Ashe duk karatun da aka zo daga ƙauyuka ana kallo, a cikin akwati yake kwana, ba a kan yara ba.

Ban gama tunanin yadda zan yi ba, sai ga Alhaji Sambo da hantsi, da dattawan unguwa biyu a bayansa. Labarin yabon da aka yi mana ya kai masa, ya zo ganin kaya. Muka gaisa, na sa aka shimfiɗa musu tabarma, ya ƙi zama.

"Malam, ni ba na sayen saniya da jin kukanta, sai na buɗe baki na ga haƙori. Rubuta masa karsana a allon nan. Ban da hoto."

Na rubuta. Ummaru ya miƙe. Ya dubi kalmar, ya dubi gefen allon, sama da ƙasa, yana neman tabo. Ya ga dai doguwa ce.

"Raƙumi," in ji shi.

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji Sambo ya sa na rubuta maraƙi, ya nuna ɗan ɗaya daga cikin dattawan. Yaron ya ce fitila.

"A sana'ata," in ji Alhaji Sambo, bai ɗaga murya ba, "wanda ya ga karsana ya ce raƙumi, ba a sake ba shi igiya. Shekara ta kusa zagayowa, Malam. Me ya koya?"

"Alhaji, sabuwar hanya ce aka kawo mana."

"Ina ta nufa?"

Bai jira amsata ba. Ya kama wuyan hannun ɗansa suka fita, dattawan suka bi shi da nasu. Kafin mako ya ƙare, tabarmin da muka ƙaro sai da muka naɗe su, muka naɗe wasu daga cikin na da. Mai unguwa ya aiko cewa kada a sake sa shi jin kunya.

Na bi zaure-zaure bayan la'asar ina ba da haƙuri. Na gaya wa kowa abu ɗaya: a ba ni yaro zuwa ƙarshen shekara, uban ya zo da kalmar da ya ga dama. Wasu suka mayar, wasu suka ce za su yi shawara, kuma kun san ma'anar wannan. Gidan Alhaji Sambo na bari a ƙarshe. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka dama mini fura da nono mai kyau, ya saurare ni har na gama.

"Na yarda da kai, Malam," in ji shi. "Amma ya riga ya bi baffansa. Yana cikin tarago da shanu, ya yi Kudu. Can abin da ya gani da idonsa shi ne."

Waɗanda suka rage na mayar da su ƙarƙashin cediya, muka koma a, e, i, o, u. Ku riƙe wannan: yaron da ya saba canka ya fi wanda bai san komai ba wuyar koyarwa. Wanda bai sani ba yana jiranka. Mai canka kuwa ya riga ka isa, kuma ba wurin ba ne. Ka rubuta kara ya ce kaza, don ya ga kan ya yi kama. Sai na riƙa rufe kalma da kara ina buɗe ta gaɓa-gaɓa, ba ya ganin ta biyu sai ya biya ta farko. Na riƙa ba su kalmomin da ba su da ma'ana ko kaɗan, irin su zubale da kitamo, waɗanda ba hoton da zai cece su. Suka tsane ni na ɗan lokaci, don da su gwanaye ne, yanzu na mayar da su 'yan koyo.

Kwalayen nawa kuwa na rataye su a bango. Na ce muku Malam Bashir mutum ne mai ladabi: tun daga bakin lungu yake kaɗa ƙararrawar kekensa, don kada ya faɗo wa mutane ba sallama. Da mun ji ta, sai a shafe yashi, a shiga aji, in ɗaga karena mai suna doki. Wajen ƙarshen shekara ya zo, ya rubuta sabuwar kalma a allo don ya gwada, wadda ba ta cikin kwalaye. Yara suka ja ta a hankali suka karanta. Ya juyo fuskarsa cike da farin ciki.

"Ban gaya maka ba, Malam Inuwa? Sun gano da kansu."

"Ka faɗa, ranka ya daɗe."

Ya rubuta rahoto cewa sabuwar hanya ta yi 'ya'ya. Aka ƙara masa girma, ni kuma aka sake yaba mini. Iyayen da suka zo da kalmominsu suka ji an karanta, suka tafi ba yabo ba fallasa, don a wurinsu abin da aka yi alkawari ne tun farko. Da Malam Tanko ya dawo, ya zama Alhaji, ya leƙa ajina ya ga rabin tabarmi a naɗe a kusurwa. Na ba shi labari tun daga keke har zuwa gara. Ya saurara yana jan carbi.

"To," in ji shi, "an yaba maka. Sai haƙuri."

Bayan wasu shekaru aka tara mu malaman ƙananan azuzuwa a wani kwas na hutu, za a koya mana hanya mafi sabunta, wadda bincike ya tabbatar. Mai jawabi Malam Bashir ne, ya sake dawowa daga wani karatun, yanzu da mota. Ya ce kuskure ne a bar yaro ya yi ta canka. A fara da wasula, a kawo baƙi ɗaya, a jingina. Malami ya yi su gani, a yi tare, sannan kowa ya yi shi kaɗai. Ya faɗi sunan hanyar da Turanci, mai tsawo. Muka zauna a kan bencin yara, gwiwa a ƙirji, muna amsa masa ba be bi bo bu. A ƙarshe aka ba ni takardar shaida, an rubuta cewa na nuna alamar fahimta.

Ummaru ban sake ganinsa ba sai da aka daɗe da samun mulkin kai. Na je kara, kasuwar dabbobi, neman ragon layya, na ji an ce, "Allah ya gafarta Malam." Na waiga, sai ga ƙaton mutum cikin babbar riga a kan kujera, shanu a bayansa har iyakar gani, wani saurayi na tsaye kusa da shi da jakar takardu. Ya zama Alhaji Ummaru, ya gaji mahaifinsa, ya ma fi shi. Ya tashi ya ba ni kujerar, shi ya tsuguna. Ya juya ya gaya wa mutanensa cewa ni ne malaminsa na boko.

"Karatunka na nan, Malam, ban zubar ba," in ji shi. "Doki, raƙumi, tulu, kaza, fitila. Na je Ikko, na je Ibadan, na je Fatakwal. Duk allon da na gani a bakin hanya sai na tsaya na duba. Har yau ban ga inda aka rubuta tulu ba."

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya zaɓo mini rago da kansa, ya buɗe bakinsa ya nuna mini haƙoran. Muna cikin haka wani direba ya zo yana jiran a sallame shi. Saurayin nan ya zaro takarda daga jaka, ya karanta a ransa, ya buɗe ɗan gwangwanin tawada, ya ɗora yatsa a ƙasan shafin ya ce, "Nan, Alhaji." Alhaji Ummaru ya dubi takardar daga sama har ƙasa, a hankali, sannan ya dubi fuskar saurayin. Ya naɗe hannun rigarsa ya dangwala.